Harafi Mai Ƙugiya

Litinin, Grimsby, ƙarfe tara saura.
Gari bai gama wayewa ba, iska na ƙarnin teku.
Na shiga aji na tsaya, ina jiran su miƙe.
Ba wanda ya miƙe.
Yara ashirin da bakwai a kan darduma,
ƙafafu a harɗe kamar masu jiran a sauke tukunya,
idanunsu cikin idona, ƙyam.
Ɗaya kaɗai ya sunkuyar da kai:
Kacper, ɗan Poland, da ya riga ni zuwa da wata biyu.

A gidanmu, yaron da ya ƙura wa babba ido
sai a tambayi wa ya raine shi.
Nan kuwa Misis Pickering, can baya a 'yar kujera,
gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta,
ta rubuta: ki riƙa kallon idonsu,
in ba haka ba za su ɗauka ba kya son su.
Na haɗiye.
Baƙo ko da ido makaho ne.

Alfie ya miƙo min littafi da hagu,
hannuna ya tsaya a iska,
muryar kakata ta taso har maƙogwarona.
Na mayar da ita. Na karɓa. Na ce na gode.

Laraba aka ba ni darasin sautuka.
Ni da na sha Turanci shekara goma sha shida,
tun daga benci mai ƙafa uku har jami'a a Zariya,
na buɗe baki na furta kalmarsu ta wanka.
Imogen, mai giɓi, 'yar shekara shida,
ta ɗaga yatsa: Malama, ba haka ake faɗa ba.
Ta faɗa, na maimaita. Ta girgiza kai.
Na sake. Dariya ta ɓarke.
A bas ina ta motsa leɓe ni kaɗai,
harshe tsakanin haƙora,
har tsohuwar da ke gefena ta ja jakarta ta matsa.

Da dare Inna ta kira: suna jin maganarki kuwa?
Na ce suna ji.
Ban faɗa mata cewa gyara ta suke yi ba.

Mako na huɗu, ruwa ya hana su fita wasa,
suna ta tsaki a kan abin da muke fita roƙo a filin idi.
Misis Pickering ta ce, ba su labarin garinku.
Na ɗauki alƙalami na rubuta a allo: Ƙanƙara.

Declan ya ce harafin ya karye.
Sai ya matso, ya ƙanƙance ido:
a'a, ƙugiya ce,
irin ta kakana, tana nan rataye a rumfarsa
tun da jiragen kamun kifi suka daina fita.
Na ce mu ma sunan da muke kiranta ke nan.

To, ku faɗa.
Aji ya koma kamar akurkin kaji masu mura.
Imogen ta gwada sau bakwai, fuska ta yi tumatir.
Na durƙusa, na dubi tsakiyar idonta:
ba haka ake faɗa ba.
Ta yi dariya har giɓin ya bayyana.
Misis Pickering ta ajiye biro, ita ma ta shaƙe.

Daga can lungu, ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye,
wani ya ce Ƙanƙara,
tas, kamar ɗan bakin kasuwarmu.
Kacper ne. Muryarsa ke nan ta farko da na ji.

Rahotona ya fito ran Juma'ar ƙarshe:
ta rage ƙarfin murya, ta kula da agogo, ta ci.
Suka ba ni kati, sunaye ashirin da bakwai
sun hau kan juna kamar awaki a mota.
A ƙasa, can gefe, da fensir,
ya rubuta nasa ƙanana,
ya sa wa harafin farko ƙugiya.